Fela Sowande: Yaron ƙungiyar mawaƙan majami'ar Legas da ya fitar da kiɗan Najeriya idon duniya

Duk wanda ya ambaci sunan Fela a teburin mai shayi a Agege, ko a cikin 'yan goro na Zango, babu shakka hankalin masu sauraro zai tafi ga Fela Anikulapo Kuti, mawaƙin nan da sojoji suka ƙone gidansa na Kalakuta da ke kan titin Agege Motor Road a watan Fabrairun 1977. Amma tun kafin a haifi wannan Fela a 1938, akwai wani Fela, shi ma Bayarabe ɗan asalin Egba na Abeokuta, wanda ya riga ya yi suna a gidajen kiɗa na birnin Landan. Sunansa Olufela Obafunmilayo Sowande. Ya girmi takwaransa da shekara 33, kuma dukkansu biyu sun ratsa kwalejin kiɗa ta Trinity da ke Landan, dukkansu sun yi aiki a gidan rediyon gwamnatin Najeriya. Hanyarsu ce ta bambanta. Ɗaya ya zaɓi dandali da faɗa da masu mulki, ɗayan kuwa ya fito ne daga cikin ƙungiyar mawaƙan majami'a, ya ƙare a ajin jami'a, kuma shi ne masana ke kira uban rubutaccen kiɗan Najeriya na zamani.

Tarihin Sowande ya shafi ma'aikacin gwamnati fiye da yadda za a zata, domin shi ma ya yi aikin gwamnati, kuma babban abin da ya sa a gaba a rabin rayuwarsa na biyu shi ne tattara kiɗan al'ummomin ƙasar nan da adana shi a ƙarƙashin hukuma.

Gidan da ya taso

An haifi Sowande ranar 29 ga Mayu, 1905. Mahaifinsa, Emmanuel Sowande, limamin cocin Angilikan ne kuma malamin kiɗa, wanda ya koyar a kwalejin horon malamai ta St Andrew da ke Oyo. A irin waɗannan kwalejoji na mishan, waƙa tana cikin darussan dole. Ɗalibin da za a tura ƙauye ya zama malamin makaranta shi ne kuma zai jagoranci waƙa a coci ranar Lahadi, saboda haka sai ya iya karanta rubutun kiɗa, ya kuma iya taɓa ƙaramin ogan na hannu. Ɗakin sujada na kwalejin nan ne wurin da ɗalibai ke haɗuwa safe da yamma suna rera waƙa murya huɗu, kuma a cikin wannan sauti Fela ya buɗe ido.

A zamanin mahaifinsa akwai wata matsala da ta dami limaman Yarabawa masu kunnen kiɗa. Turawan mishan sun fassara waƙoƙin yabo na Ingila zuwa Yarabanci, suka bar musu karinsu na asali. To amma Yarabanci harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya ke bambanta ma'anar kalma. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin a Hausa ma karin sauti ne ke raba kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ganyenta, kuma saboda wannan siffa ce kalangu ke iya magana har a fahimce shi. Idan karin waƙar Turawa ya hau a inda kalmar Yarabanci ke bukatar sauka, sai ma'ana ta karkace, wani lokaci ta koma abin dariya a tsakiyar ibada. Maganin da wasu limamai suka samo shi ne su ƙaga sababbin waƙoƙi da karin gida, ko su ɗauki karin gargajiya su ɗora masa kalmomin ibada. Fitacce a cikinsu shi ne Josiah Jesse Ransome-Kuti, kakan Fela Anikulapo, wanda aka ɗauki waƙoƙinsa a faifai a Landan a 1922. Emmanuel Sowande yana cikin wannan sahu, kuma ɗansa ya gaji tambayar tun yana ƙarami: ta yaya za a zuba ruhin gida a cikin kayan kiɗan baƙi ba tare da ɗayan ya lalata ɗayan ba?

Ƙungiyar mawaƙan bakin Marina

Karatu ya kawo Fela Legas, inda ya shiga makarantar CMS Grammar, wadda aka kafa a 1859 kuma ita ce sakandare mafi tsufa a Najeriya, daga baya ya wuce King's College da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe a 1909. Sai dai makarantar da ta fi yi masa tasiri ita ce ƙungiyar mawaƙan majami'ar Christ Church da ke bakin Marina, wadda ta zama babbar majami'ar Angilikan ta Legas. Ginin da ake gani a yau Yariman Wales ne ya aza harsashinsa a 1925, aka kammala shi a 1946, amma majami'ar ta girmi ginin da shekaru masu yawa.

Wanda ya fara tsara ƙungiyar mawaƙan wurin shi ne Robert Coker, ɗan ƙasa da aka tura Turai ya koyo kiɗa, ya haɗa mawaƙa a 1895. Wanda ya ɗaga ta zuwa matsayin da aka san ta da shi kuwa shi ne Thomas King Ekundayo Phillips, ɗan bishop, wanda ya fara da koyon haɗa magunguna kafin ya tafi kwalejin Trinity ta Landan a 1911. Da ya dawo a 1914 sai aka damƙa masa ogan da ƙungiyar mawaƙa, ya riƙe su har shekara 48. A zamaninsa ne aka fara bikin shekara-shekara na mawaƙan majami'ar a 1918, bikin da har yanzu ake yi.

Tsarin da Phillips ya bi na Ingila ne, irin wanda ake samu a manyan majami'u da ɗakunan sujada na kwalejojin jami'o'in Oxford da Cambridge. Can a King's College ta Cambridge, alal misali, tun da Sarki Henry na shida ya kafa kwalejin a 1441 aka tanadi yara mawaƙa da za su riƙa rera ibada kullum. A wannan tsari yara maza waɗanda muryarsu ba ta fashe ba su ke ɗaukar murya mafi tsini, manya kuma su raba sauran muryoyi uku har zuwa mafi kauri. Kowace murya tana da nata layin a rubuce, kuma daɗin waƙar yana fitowa ne daga yadda layukan huɗu ke saƙuwa da juna. Yaron da ya shekara biyar ko shida a irin wannan ƙungiya yakan fita ya iya karanta kiɗa kamar yadda ake karanta wasiƙa, ya saba da zuwa gwaji a kan lokaci, ya kuma koyi sauraron na kusa da shi kafin ya ɗaga tasa muryar.

Sowande ya shiga ƙungiyar yana yaro, Phillips ya lura da shi, ya fara koya masa ogan. Ga wanda bai taɓa ganin wannan abu ba, ogan na majami'a wani katafaren kayan kiɗa ne mai ɗaruruwa ko dubban bututu, kowanne da nasa sauti, iska ce ke busa su. Mai kiɗan yana zaune gaban jerin madannai hawa biyu ko uku ko fiye, yana taɓa su da yatsu, ƙafafunsa kuma suna taka wani jerin na ƙasa mai fitar da sauti mai kauri, ga maɓallai a gefe da yake ja don ya zaɓi rukunin bututun da zai yi magana. Mutum ɗaya ne yake aikin da ya kamaci taron makaɗa. A hannun Phillips ne Sowande ya fara jin ayyukan Bach da Rheinberger, ya kuma ga yadda malaminsa ke tsara waƙoƙin ibada na Yarabanci da ke mutunta karin harshen. Bai daɗe ba ya zama mataimakin mai ogan na majami'ar.

Bayan ya gama makaranta ya yi koyarwa, ya kuma yi 'yan shekaru yana aikin gwamnati. Legas ta wancan lokaci kuwa gari ne mai kunne da yawa. Ga kiɗan sakara na Musulmin Yarabawa, wanda gogensa ɗan'uwan gogen Hausa ne, ga kiɗan sojoji da 'yan sanda, ga faya-fayan garmaho da jiragen ruwa ke kawowa. Sowande ya kamu da son jaz na baƙaƙen Amurka, ya riƙa kaɗa fiyano a ƙungiyoyin kiɗan rawa na birnin, ciki har da wadda ake kira Chocolate Dandies. Ranar Lahadi yana gaban ogan, daren Asabar yana gidan rawa.

Shekarun Landan

A 1934 ya tafi Landan da niyyar karanta injiniyancin gine-gine. Kiɗa ne ya riƙa ciyar da shi a can, kuma ba a jima ba ya ajiye injiniyanci ya rungumi abin da ya fi iyawa. A 1936 ya shiga wasan nan na baƙaƙen Amurka mai suna Blackbirds, inda ya kaɗa fiyano a shahararren kiɗan George Gershwin, Rhapsody in Blue. A nan ya haɗu da J. Rosamond Johnson, masanin waƙoƙin ibada na bayin Amurka, wanda ya buɗe masa ido ga yadda baƙaƙen mawaƙa na can suka ɗauki waƙoƙin kakanninsu suka mai da su rubutaccen kiɗa. Ya yi kiɗa tare da Fats Waller, ya daɗe yana raka mawaƙiya Adelaide Hall a dandali da faifai, ya kuma yi suna wajen kaɗa ogan na lantarki samfurin Hammond, wanda a lokacin sabon abu ne.

Da yawa daga masu irin wannan baiwa a nan suke tsayawa, domin akwai kuɗi da tafi. Sowande ya ci gaba da karatu a gefe, yana ɗaukar darasi a wurin George Oldroyd da George Cunningham da Edmund Rubbra. A 1943 ya ci jarrabawa mafi girma ta kwalejin masu ogan ta masarautar Ingila, ya haɗa da kyaututtuka uku na Limpus da Harding da Read, waɗanda ake bai wa waɗanda suka fi kowa maki. Ya kuma sami digiri a fannin kiɗa daga Jami'ar Landan, da babbar shaidar kwalejin Trinity. Wannan ya faru ne a tsakiyar yaƙin duniya na biyu, a zamanin da Bature da yawa ba su yarda cewa baƙin mutum daga ƙasar da suke mulka zai iya zama gaban ogan ya fi 'ya'yansu ba.

A lokacin yaƙin ya yi aiki a matsayin mai ba da shawara kan kiɗa a sashen shirya fina-finai na ƙasashen mulkin mallaka, wanda gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1939. Irin waɗannan fina-finai na wayar da kai su ne dattawan Arewa ke tunawa da sunan majigi, waɗanda ake zuwa da su a mota a haska a ƙofar fada ko filin kasuwa. Aikin ya sa dole ya nemo karin waƙoƙin Afirka da zai ɗora wa hotunan, ya kuma gabatar da jawabai a sashen Afirka na BBC kan kiɗan Afirka ta Yamma da yadda za a iya bunƙasa shi. Abin da ya fara a matsayin aikin ofis ya mai da shi ga tambayar mahaifinsa.

Daga 1945 zuwa 1952 shi ne mai ogan kuma jagoran mawaƙa a zauren Kingsway, cibiyar cocin Metodis ta yammacin Landan. Zauren ya shahara da kyawun amsa sauti, har manyan kamfanonin faifai irin su Decca da EMI suka riƙa ɗaukar kiɗa a cikinsa. Yaron da ya fara a layin yara a Marina ya zama shi ke koya wa Turawa waƙar ibada a tsakiyar babban birninsu.

Ayyukansa

A waɗannan shekaru ne ya rubuta mafi yawan kiɗan da ake tunawa da shi. Dabararsa ita ce ya ɗauki karin wata waƙar Yarabawa, ko ta coci ko ta gargajiya, ya mai da ita ginshiƙi, sa'an nan ya gina mata gida da ƙa'idojin da ya koya daga Bach da magadansa: ya maimaita ta da murya dabam-dabam, ya juya ta, ya sa wata murya ta bi wata a baya, har ƙaramin kari ya cika majami'a. Cikin ayyukansa na ogan akwai Oyigiyigi, da Jesu Olugbala, da Ka Mura, da Kyrie, da Gloria, da kuma wasu da ya gina kan waƙoƙin ibada na baƙaƙen Amurka.

Akwai ɗaya da sunansa zai ja kunnen Bahaushe, wato Obangiji. Wannan kalma da Kiristocin Yarabawa ke kiran Mahalicci da ita, masana harshe da dama na ganin ta samo asali ne daga Ubangiji na Hausa. Ta bi hanyar da kalmomi irin su wahala da lafiya da albasa suka bi suka shiga Yarabanci, hanyar fatake da malamai da sojoji, ta Ilorin da Oyo da Ibadan har bakin teku. Hausawa sun daɗe a Legas: tun 1863 Glover ya ɗebi Hausawa ya kafa rundunar da ake ɗauka a matsayin tushen sojan Najeriya, kuma cinikin goro da jirgin ƙasa suka zaunar da wasu a Agege. Kalmar da ta fito daga bakin waɗannan matafiya ta shiga waƙar coci, daga nan ta shiga rubutun Sowande, yau masu ogan a Turai da Amurka suna buga ta a jikin takardar shirin wasa ba tare da sun san doguwar tafiyar da ta yi ba.

Aikinsa mafi shahara shi ne African Suite, wanda ya rubuta a 1944 domin taron kayan kiɗa masu tsirkiya, dangin goge manya da ƙanana. Kashi biyar ne. Biyu daga ciki ya gina su kan karin Ephraim Amu, mawaƙin ƙasar Gana, ɗaya waƙar lallashin jariri ce, ɗaya kuma yana bayyana kewar gida irin ta wanda ya daɗe a baƙunta. Kashi na ƙarshe, Akinla, ya fito ne daga kiɗan rawa na hailaif. Kamfanin Decca ya fitar da aikin a faifai a farkon shekarun 1950, kuma gidan rediyon ƙasar Kanada ya yi shekaru da dama yana amfani da Akinla a matsayin taken wani shirinsa mai suna Gilmour's Albums. Jama'ar Kanada da yawa sun haddace wannan kari alhali ba su san daga Legas ya fito ba.

Dawowa gida da aikin rediyo

A 1953 Sowande ya dawo Najeriya ya shugabanci sashen kiɗa na hukumar watsa labarai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1951, ta zama NBC a 1957, kuma ita ce uwar Rediyon Najeriya na yau. A wannan muƙami ya sa aka riƙa fita da na'urar ɗaukar murya ana naɗo kiɗa da waƙoƙi da tatsuniyoyi daga bakin masu su, ya kuma shirya shirye-shiryen da ke bayyana wa masu sauraro ma'anar abin da suke ji. A ganinsa kiɗan gargajiya yana ɗaure ne da rayuwar al'umma, da sarauta da sana'a da ibada da haihuwa da mutuwa, saboda haka wanda ya naɗi sautin kawai ya bar bayanin, rabin abin ya ɗauko. Bahaushe da ya san cewa akwai kiɗan maƙera da na mahauta da na manoma, kuma tambari ba a buga shi sai don sarki, zai gane abin da yake nufi.

Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar MBE a tsakiyar shekarun 1950, daga baya Najeriya ta ba shi lambar MFR. A 1957 ya zaga Amurka yana kaɗa ogan da gabatar da lacca. Da 'yancin kai ya ƙarato, ya rubuta babban aiki na cikakken taron makaɗa, Folk Symphony, wanda ya gina kan karin waƙoƙin gida domin bikin 1960.

A nan akwai abin lura. Ƙasar da ke da mai tsara kiɗa irin Sowande, da malaminsa Phillips, ta shiga 'yanci ne da taken ƙasa wanda Baturiya Lillian Jean Williams ta rubuta kalmominsa, wata Baturiyar kuma, Frances Benda, ta yi masa kari, bayan gasar da aka shirya. An yi amfani da shi har 1978, sa'ad da aka maye gurbinsa da wanda Benedict Odiase na ƙungiyar makaɗan 'yan sanda ya yi wa kari. Ranar da aka sa hannu kan dokar dawo da tsohon taken, wato 29 ga Mayu, 2024, ta zo daidai da cikar Sowande shekara 119 da haihuwa.

Daga Ibadan zuwa Ohio

A farkon shekarun 1960 ya koma Ibadan. Kwalejin jami'a da aka kafa a can a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1962, a ƙarƙashin masanin tarihi Kenneth Dike, kuma a wannan shekara aka buɗe cibiyar nazarin al'adun Afirka. Sowande ya yi aikin bincike a wannan cibiya. Hankalinsa ya ƙara karkata daga tsara sabon kiɗa zuwa nazarin tunanin Yarabawa na gargajiya, musamman baitocin Ifa da ma'anar sunaye da tarbiyyar yara, ya rubuta ƙananan littattafai da maƙaloli a kan haka. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta sa wa makarantarta ta kiɗa sunansa, Jami'ar Ife kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1972.

Matsayinsa kan sauyin al'ada matsakaici ne. Bai yarda a kwaikwayi Turai ido rufe ba, bai kuma yarda a rufe ƙofa a ce duk abin da ya zo daga waje haram ne ga kiɗan Afirka ba. Abin da ya nema shi ne mai aro ya san nasa tukuna, domin wanda bai san abin da ke cikin rumbunsa ba, ba zai san abin da ya kamata ya sayo a kasuwa ba.

Bai tsira daga suka ba. Wasu masana na baya sun ce kiɗansa gini ne na Turai da aka yi wa ado da karin Afirka, domin ƙa'idojin haɗa muryoyin duk na Turawa ne. Akin Euba, wanda shi ma ya shugabanci sashen kiɗa a gidan rediyon ƙasa, ya nemi ya wuce nan ta hanyar sa fiyano ya yi magana irin ta ganga. Akwai kuma gaskiyar cewa talakan Legas bai taɓa rungumar irin wannan kiɗa ba. Kunnensa yana wurin juju da hailaif, da apala na Haruna Ishola, da sakara na Yusuf Olatunji, kamar yadda kunnen mutumin Agege yake wurin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Kiɗan Sowande yana bukatar ogan mai lafiya ko taron makaɗa masu karanta rubutu, kuma waɗannan abubuwa ne masu tsada da sai hukuma ko majami'a mai ƙarfi ke iya riƙewa. Duk da haka, masu sukar da kansu a kan hanyar da ya share suka bi.

A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya tafi Amurka ya karɓi koyarwa a Jami'ar Howard da ke Washington, daga nan ya koma Jami'ar Pittsburgh, ya ƙare a Jami'ar Kent ta jihar Ohio, a sashen nazarin al'ummomin Afirka. Lokacin ya dace da tashin sha'awar baƙaƙen Amurka ga tushensu, kuma ɗalibai sun same shi dattijo mai ilimin abin da suke nema. Ya rasu ranar 13 ga Maris, 1987, a garin Ravenna na jihar Ohio, yana da shekara 81, aka binne shi a wannan jiha.

Abin da ya bari

Ƙungiyar mawaƙan da ta rene shi tana nan. Da Phillips ya yi ritaya a 1962, ɗansa Charles Obayomi Phillips ya gaje shi ya riƙe aikin shekara 30. Daga cikin yaran da suka ratsa hannun Phillips akwai Samuel Akpabot da Christopher Oyesiku da Ayo Bankole. Bankole ya sami gurbin mai ogan a Clare College ta Jami'ar Cambridge a farkon shekarun 1960, wato ya je ya zauna gaban ogan a ɗaya daga ɗakunan sujadar da aka kwaikwayo tsarinsu zuwa Marina, ya dawo ya yi aiki a gidan rediyo da Jami'ar Legas kafin a kashe shi a 1976. Majami'a guda ɗaya ta yaye mafi yawan mutanen da suka kafa rubutaccen kiɗa a ƙasar nan, kuma ta yi haka ne da abubuwa uku: malami da ya zauna wuri ɗaya shekaru masu yawa, gwaji a kai a kai, da rubutun da ake ajiyewa ana miƙa wa na baya.

Rabon Sowande na biyu, wato muryoyin da aka naɗa da takardun da ya rubuta, shi ne ya fi bukatar kulawa. An buga kiɗansa ne a kamfanonin Landan da New York, kuma rubuce-rubucensa da dama ba a buga su ba har ya rasu. Zaren naɗar murya irin na shekarun 1950 da 1960 ba ya jure zafi da laima, yakan manne ko ya ruɓe, kuma na'urorin da ke karanta shi suna ƙarewa. Haka abin yake ga duk abin da gidajen rediyon Legas da Ibadan da Enugu da Kaduna suka naɗa a wancan zamani, har da muryoyin makaɗan fada da na jama'a na Arewa waɗanda ba su bar rubutu ba, sai abin da na'ura ta kama. Hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa, wadda Kenneth Dike ya yi ɗawainiyar kafawa a 1954, tana da manyan rassa a Ibadan da Kaduna da Enugu, kuma ita da gidajen rediyon gwamnati ne wannan amana ta rataya a wuyansu.

Mai da irin waɗannan muryoyi zuwa kwamfuta aiki ne da ake iya yi, amma sai an sa shi a kasafin kuɗi, an horar da ma'aikaci, an kuma bar shi ya zauna a kan aikin. Waɗannan shawarwari a ofisoshin Abuja ake yanke su, sau da yawa a kan teburin jami'in da zai rubuta takardar da minista zai sa wa hannu. Sowande ya taɓa zama a irin wannan kujera a Legas, ya yi amfani da ita ya tura ma'aikata su naɗo muryoyin mutanen da ba su taɓa shiga ofis ba. Ko jikokin waɗannan mutane za su ji muryoyin kakanninsu, wannan ya dogara ga waɗanda ke zaune a kujerun yanzu.